Karen da Ya Jira a Ce Masa Ya Ci

Tsufa ya sa na manta abubuwa da dama, har fuskokin wasu yaran da na koyar a firamare sun ɓace mini. Amma ranar da na durƙusa a tsakar gidana ina yi wa kare yaren Ibo, hawaye na zubo mini, wannan kam ba za ta bar raina ba sai ran da aka kai ni makwancina.

Abin ya faro ne bayan rasuwar maigidana. Ɗan kasuwar atamfa ne a Kantin Kwari, mun yi zamanmu lafiya a Fagge har muka ga jikoki. Da na fita takaba, 'ya'ya kowa ya koma garin da yake aiki, gida ya rage daga ni sai halina. Daga nan cin abinci ya gagare ni. Zan dafa, in zuba a kwano, in zauna ina kallonsa har ya huce. Tun ina amarya, in Alhaji ya dawo daga kasuwa ya wanke hannu sai ya ce, "Malama, matso mu ci." Yanzu babu mai cewa, ni kuwa hannuna ya ƙi shiga kwanon. Na rame har riguna suna yawo a jikina, 'ya'yana suka yi faɗa a waya har suka gaji.

Ramar nan ce ta kai ni Sabon Gari, wajen telata, don ta rage mini rigunan. 'Yar ƙabilar Ibo ce, amma a Kano aka haife ta, in tana zazzaga Hausa sai ka rantse 'yar cikin birni ce. Ita ta ɗinka mini kayan sunan ɗana na fari. Ina ce mata Madam, tana ce mini Hajiyata. Ita ma mijinta ya riga mu gidan gaskiya da 'yan shekaru. Ina shiga na tarar an ɗaure keken ɗinki da igiya, kaya duk a buhuna.

Na ce, "Madam, lafiya? Gudu za ki yi ba sallama?"

Ta ce, "Hajiyata, yara sun matsa, sun ce in dawo gida in huta. Idona ma ba ya ganin kafar allura." Ta ɗaga rigata ɗaya, ta dube ta, ta dube ni. "Wannan ba ragi take so ba, ke ce kike son ƙari. Dubi wuyanki don Allah."

Kafin in rama, sai ta nuna mini bakin ƙofar baya. Wani jan kare ne kwance, babba, bakinsa har ya fara furfura. Karen marigayi mijinta ne. Ta ce masu motar da za ta bi sun ƙi ɗaukarsa, maƙwabtanta kuma kowa da ɗan ɗakinsa na haya, babu mai fili. "Ke kina da tsakar gida, kuma ke kaɗai ce. Ki riƙe mini shi."

Na yi dariyar da na daɗe ban yi ba. Na ce, "Madam, kanki ɗaya kuwa? Ni, Hajiya guda, da carbina, in ajiye kare? Me zan ce wa mutanen unguwa?"

Ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Shi kaɗai ya rage mini na Oga. In na bar shi a titi, yara za su jefe shi har ya mutu. Amana nake ba ki."

To, kalmar nan ta amana ita ta kashe mini jiki. Na je na tambayi malamin unguwarmu, ya ce in don gadi ne babu laifi, sai dai ya zauna a waje, kwanonsa daban, in ya lashi abu a wanke yadda aka koyar. Na koma na ce mata na karɓa, na kuma yi mata alkawarin ba zai wulaƙanta a hannuna ba.

Ranar ɗauko shi an sha kallo. Duk mai Adaidaita da muka tsayar, yana hango kare sai ya ce, "Haba Hajiya, a rufa mana asiri," ya ja abinsa. Ƙarshe da ƙafa muka taho tun daga Sabon Gari har Fagge, Madam riƙe da igiya, ni ina biye ina haki. Rabona da tafiya mai nisa haka tun Alhaji na da rai. Ta shigar da shi tsakar gidana, ta shafa kansa, ta yi masa wasu maganganu a kunne, ta fita da sauri ba ta waiwayo ba. Washegari ta hau mota. Sunansa ya ƙi zama a bakina, sai na sa masa Baƙo.

Mata kuwa suka samu abin faɗi. Wata maƙwabciyata ta leƙo ta ce, "Hajiya, ashe an yi sabon ɗa ba a gayyace mu suna ba." Na ce mata ai shi ba ya tsegumi, shi ya sa na zaɓe shi. Ba ta sake leƙowa ba.

Tsegumi bai dame ni ba. Abin da ya tayar mini da hankali shi ne Baƙo ya ƙi cin abinci. Na zuba masa tuwo da miyar kuka, ya zo ya zauna gaban kwanon, ya dubi tuwon, ya ɗago ya dube ni. Na ce, "Ci mana." Ko motsi. Na ce ko shinkafa ya saba da ita, na dafa. Na aika aka sayo ƙashin balangu mai nama a jiki. Har garin kwaki na saya na tuƙa masa teba, na ce ko abincin gida yake so. Duk ɗaya. Zai zauna, yawu na zuba daga bakinsa, idonsa a kaina, har ƙudaje su rufe kwanon. Ruwa kawai yake sha.

Na kira likitan dabbobi, ya duba shi ya ce bai ga wata cuta ba, wataƙila kewa ce, a yi haƙuri. Haƙuri ina, ga haƙarƙarinsa ya fara fitowa, in ya tashi ƙafafunsa na rawa. Na kira Madam ya fi a ƙirga, wayar ba ta shiga, ƙauyensu babu sabis. Tsoro ya kama ni. Matar nan ta ba ni abu ɗaya tak da ya rage mata na mijinta, ga shi zai mutu a hannuna da yunwa, alhali abinci na gabansa. Wata rana haushi ya ishe ni, na ce masa, "Kai wane irin taurin kai ne da kai? Ga abinci, ka zauna kana kallo, so kake ka kashe kanka?" Ina rufe baki na ji maganar ta dawo mini, don kalmomin da babbar 'yata take faɗa mini a waya ke nan.

Ana nan, wata rana bayan la'asar, wayata ta yi ƙara. Madam ce, ta fito daga ƙauyensu zuwa garin da ke kusa ta samu sabis. Ko gaisuwa ban tsaya mun gama ba na ce, "Madam, ki yafe ni. Karenki zai mutu. Tun da kika tafi bai sa komai a cikinsa ba."

Sai na ji ta ce, "Wayyo ni. Hajiyata, ban faɗa miki ba? Kaina ya yi zafi ranar, na manta." Sai ta ba ni labari. Ashe sun taɓa yin wani kare, ɓarayi suka jefo masa tsire da guba ya mutu. Shi ya sa da mijinta ya samo wannan yana ɗan kwikwiyo, ya hore shi kada ya taɓa abinci, ko na wane ne, sai wanda ya zuba masa ya ce masa ya ci. Kuma da yarensu. Ita bakinta ya saba, har ba ta san tana faɗa ba.

Na ce, "To ga shi nan, bari in kara masa wayar ki faɗa masa."

Ta ce, "A'a. Ke za ki faɗa, ke ce uwar ɗakinsa yanzu. Ki ce, ngwa, riye. Wato maza, ci."

Na ɗumamo sauran shinkafa na zuba masa, na durƙusa a gabansa da waya a kunne. Na faɗa, ya karkata kai yana kallona. Madam tana kuka tana dariya ta ce, "Ba haka ba, malamar makaranta, buɗe bakinki." Na sake. Kunnuwansa suka miƙe. Na gyara murya na ce, "Ngwa, riye."

Wallahi kamar an kunce shi. Ya kifa kai cikin kwanon yana ci jikinsa na ɓari, jelarsa na kaɗawa. Ashe duk kwanakin nan bawan Allah yunwa yake ji kamar ya mutu, yana dubana yana jira in ba shi izini, ni kuwa ina zaginsa da taurin kai. Na zauna daɓas a ƙasa na fashe da kuka, irin wanda ko ranar rasuwar Alhaji ban yi ba.

Madam ta bari na yi mai isata. Sannan ta ce, "Hajiyata, ke fa? Kin ci wani abu yau?" Na ce mata ban ci ba. Ta ce a hankali, "Na sani. Ni ma na yi irinsa. Alhaji ba zai dawo ya ce miki ba. To ni na ce miki. Ngwa, riye."

Na tashi na wanke hannu, na zubo nawa, na zauna a kan tabarma, shi yana can gefe da kwanonsa. Na yi bisimilla na cinye tas, har na ƙara.

Daga ranar rayuwata ta sake. Dole in tashi in dafa, tunda akwai mai jira na. Da sassafe kafin titi ya cika mukan taka har wajen kasuwar Singa mu dawo, likitana ya ce hawan jinin da nake fama da shi ma ya sauka. Rigunan nan ba a taɓa rage su ba, ni na cika su. Baƙo ya yi shekarunsa tare da ni har tsufa ya ɗauke shi, kuma bai taɓa cin loma ɗaya ba sai na faɗa masa kalmarsa.

Abin da na koya shi ne, ba duk wanda ya zauna gaban abinci ya ƙi ci ne mai taurin kai ba, wani jira yake a ce masa ya ci. Shi ya sa yanzu in na ji wata ta fita takaba, ba na aika mata da kwano a hannun kowa. Da kaina nake ɗauka in je, in zauna kusa da ita, in wanke hannu in ce, "Matso mu ci."