Ƙusar da ta leƙo a kantar jerena

Shekarun baya, shekarar da ruwa ya ci mana gero a fadama har muka sayo tsaba daga Babura, bayan rasuwar maigida amma kafin idona na hagu ya fara hazo, ɗan farina ya ajiye aikin gwamnati a Kazaure ya dawo gida Roni da iyalinsa.

Kun dai san sha'anin ɗan fari. Ban taɓa kama sunansa da bakina ba. Tun da aka yaye shi kakarsa ta ɗauke shi, kuma yadda aka rene mu, uwa ba ta zaman hira da ɗan fari, ba ta yaba masa, ba ta tambayarsa abin da ke damunsa. Kunya ce, kuma a unguwarmu ba macen da ta kai ni riƙe ta.

To sai ga mutum ya dawo ya tare a zaure. Safe zaure, yamma zaure. Wanda a da ƙarar babur ɗinsa ke watsa mini kaji, yanzu rediyo sai ta gama surutunta bai san me ta ce ba. Tuwo yadda aka kai masa haka yake dawowa. Ni kuwa zama ya gagare ni. In share inda na share. In fita kamar zan duba akuya, in saci kallon zaure, in dawo. Surukata, matarsa, ta ce, "Inna, ƙasar tsakar gidan nan za ta ƙare fa." Na ce, "Ke dai ji da tukunyarki."

Ita ce ta tsegunta mini cewa kafin ya bar aiki ya sayo kayan kafinta a Kano, har da injin huda mai batir, wai zai riƙa taɓa katako a gida. Suna nan cikin kwali ƙarƙashin gado, ko buɗewa bai yi ba.

A lokacin 'yarsa ta zo gida haihuwar fari, cikin ya tsufa, kuma na san ranar suna matan Gwiwa da na Kazaure ɗakina za su cika. Sai na tsaya tsakar gida, na fuskanci katanga, na ɗaga murya na ce, "Ni dai kwallayena sun gaji da zaman ƙasa. Gida ba namiji ne, da za a rasa mai haɗa mini kanta?"

Da la'asar na ji ana jan kwali.

Ya zo bakin ƙofata da ma'auni, matarsa na tsakaninmu. Na ce da ita, "Ki gaya masa mara nauyi nake so, wadda zan iya ja in share bayanta saboda gara. Kuma kada in ga kan ƙusa ko ɗaya." Wannan na biyun saboda wata ƙawata na faɗa. Tun da aka kawo mata tata kantar daga Kano take shafa ta a gabana tana cewa sumul take kamar ƙwai.

Ya ce, "Ki ce da Inna na ji. Akwai dabara. Ana huda rami a karkace ta ciki, kamar aljihu, ƙusa mai murɗi ta shiga ta ɓuya ta kamo ɗayan katakon. Sai dai siririn katako ba ya son ta sosai."

Na ce, "Ki ce masa ni ba bayani na tambaya ba."

Ya sayo katako falle-falle, kaurinsa bai kai ɗan yatsana ba. Ya matse shi jikin wani ɗan ƙarfe mai ramuka a karkace, ya huda, ya murɗa ƙusa. Ina daga ɗaki, wai ina tsintar wake, amma ko ƙwaya ɗaya ban tsinta ba. Ƙusar farko ta fasa fuskar katakon ta fito. Ya sake a wani gun, na ji ƙas, katako ya tsage har ƙarshe. Ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya ajiye injin a ƙasa, ya kakkaɓe riga, ya koma zaure.

A ranar 'yarsa ta haihu. Gida ya cika da barka, ni kuwa hankalina na zaure. Na san in ya bar katakon nan a yashe, ya bar shi ke nan, kuma zauren nan zai cinye shi ina kallo. Wata uwar sai ta je ta ce ɗana tashi, hannu ba ya ƙwarewa rana ɗaya. Ni bakina ba zai iya ba. Na je har bakin zauren na juyo. Na sake zuwa na juyo.

Washegari na kwaso kwallayena kaf, da fanteka da langa da samira, na wanke su, na shanya a ƙofar zaure ta ciki, na toshe hanya. Duk sallar da zai shigo alwala sai ya tsallake su. Surukata ta ce, "Inna, ai sun bushe tun ɗazu." Na ce, "Ina zan kai su? Ƙasa?"

Kashegari na ji ƙarar babur. Kazaure ya tafi, ya dawo da gajerun ƙusoshi da gam. Ya rage zurfin hudar, ya manna ɗan siririn katako ta baya inda ƙusa za ta samu nama ta kama, ya daina murɗawa da inji sai da hannu, a hankali. Kanta ta tashi ana gobe suna. Sai a ƙusar ƙarshe, ko ɗoki ne ko gajiya, ya zarce, tsininta ya leƙo ta gefe kamar haƙorin jariri. Katako kuwa ya ƙare.

Ya ce da matarsa, "Ki ce da Inna ta rufe ta da zane, kada ta ɗora abu mai nauyi. Bayan suna zan kira kafinta na gaske."

Na jera kwallaye tun daga ƙasa. Sannan na buɗe adaka na fito da tangaran ɗin mahaifiyata, wanda ko 'ya'yana ba sa taɓawa, na ɗora shi can sama. Zane kuwa ban rufa ba.

Ranar suna ban ci ko loma ba. Duk matar da ta jingina da bango sai in zabura. Ana guɗa, idona na kan tangaran. Ƙawata ta shigo, ta shafa kantar, ba ta ga kan ƙusa ba, ta ci gaba da laluba har yatsanta ya ci karo da tsinin. Ta ce, "Af, ashe da saura. Wane kafinta ne ya yi miki wannan?"

Daidai lokacin yana tsakar gida, ya shigo da naman rago. Na cire carbina na rataye a tsinin nan, na ɗaga murya yadda zai ji na ce, "Na gidan nan ne. Ni na ce ya bar mini marataya."

Ƙawata ta ce, "Ke da ba ki san inda kike ajiye carbi ba?" Mata suka kwashe da dariya. Da yamma kwanon tuwonsa ya dawo ba komai a ciki.

Yanzu in na tuna, sai in ce kunya ba ta hana uwa magana, hanya kawai take sauya mata, sai dai tawa ta kusa kashe ni da zirga-zirga. Zauren nan yau ba wurin zama, duk katako ne, kuma har yanzu in ya shigo gaishe ni sai ya harari ƙusar ya ce da matarsa a ba shi ya gyara. Ni kuma in ce ta gaya masa ban ji ba.

Ƙawata ta rasu, Allah ya ji ƙanta, ta tafi ba ta yarda tawa ta fi tata ba. Yawancin matan da suka cika ɗakin sun bi ta. Saura ni, da surukata da har yau take kai saƙo tsakanin mutum biyu da ke tsaye wuri ɗaya, da shi na zauren can.