Gyaran Murya a Bakin Ƙofa

Jiya na wuce wata mata tana suyar aya a bakin hanya, ƙamshin ya tsayar da ni cak. Mai karatu, in ka taɓa zama a ƙauyukanmu na wajen Cadawa bayan kaka, ka san lokacin da nake nufi. An ƙone gonakin aya, mata sun wuni suna rairayar ƙasa, kowane gida da tulinsa a tsakar gida. A irin wannan lokaci na rubuta labarina na farko, kuma a lokacin aka fara ƙi mini shi.

Mu biyu ne a gidan, ni da kakata mahaifiyar babana. Babana ya tafi cirani tun ina tatata, bai dawo ba, ba wasiƙa, ba saƙon baki. Da shekaru suka ja, dangin mahaifiyata suka zo suka tafi da ita can wajen Gazawa, aka bar ni in zama abokin hirar tsohuwa. Hirar ma ba ta da yawa. In na taso lakol, wato makarantar boko, ita tana ƙarƙashin itacen bedi tana tsince tsakuwa daga aya a faifai, ni ina gefe ina kallon kaji. Kaɗaici ya dame ni ƙwarai, ban kuma san sunansa ba a lokacin.

Sai na juya kayen lissafina, littafin da muke rubutu a ciki, ta baya, inda mushe malaminmu ba ya dubawa, na fara rubuta labarin dawowar babana da Hausa. Shafi tara na cika. Na kawo shi cikin ƙatuwar mota har ƙofar gida, da buhunan shinkafa, da keke nawa, da atamfofin tsohuwa. Ina gamawa na je na karanta mata ina hura hanci, ina jiran yabo.

Ko ɗago kai ba ta yi ba. Ta ce, “Maigidana, ta wace hanya motar ta biyo? Hanyarmu da ko amalanke sai an tura shi cikin rairai?”

Na ce ai labari ne. Ta ce, “Ko ƙarya ce, a yi mata ƙahwahu.”

Haushi ya kama ni, amma gaskiyarta ce. Na soke motar, na sauke shi a tashar Cadawa ran kasuwa, ya tako da ƙafa. Washegari na sake karantawa. Wannan karon na sa masa doguwar magana a baki, irin ta masu jawabi a rediyo, yana neman gafarar gari duka. Tsohuwa ta yi dariya har ayar ta zube. Ta ce ɗanta ko sallama a ciki yake yinta, wannan sarkin surutu ɗan wata ne, ba nata ba. Na soke jawabin. Karo na uku ta bari na kai lissafin tsaraba, shafi biyu cur, sannan ta tambaye ni a hankali, “Kai kayan kake jira, ko mutumin?”

Wannan ta shige ni. Kwana bakwai ban taɓa kayen ba, ina gaishe ta sama-sama, ita kuwa ko a jikinta. Da fushin ya huce na buɗe na karanta da kaina, na ga abin da ta gani. Keken yana da launi, yana da ƙararrawa, amma babana ba shi da fuska. Ban san kamanninsa ba. Ranar na ji kunya, na kuma ji tausayin kaina.

Na koma gindin bedi na zauna, na ce ta faɗa mini yadda yake. Ta ce yana da tabon lauje a babban yatsansa na hagu. Ba ya shan fura sai ya bari ta kwanta. In zai shigo gida kuwa, yakan tsaya bakin ƙofa ya yi gyaran murya sau biyu, na biyun gajere, ya kakkaɓe takalmansa a jikin darni. Iyakar abin da ta ba ni ke nan, na kwashe kamar an ba ni zinariya.

Na sake rubutawa tun daga farko, a gajarce. Da la'asar na karanta mata: wani mutum ya taho cikin rairayi, rana a bayansa, ba kaya sai ƙunshi ɗaya. Ya iso bakin ƙofa. Ya yi gyaran murya sau biyu. Ina kaiwa nan na ji ƙarar ayar ta tsaya. Na ɗago, sai na ga tsohuwa ta waiwaya tana kallon ƙofar gidanmu, bakinta a ɗan buɗe. Ba kowa a wurin sai akuyarmu.

Akwai sauran shafi uku, inda ya shigo aka yi ta murna. Na ja numfashi zan ci gaba, ta ɗaga hannu. “Tsaya nan,” in ji ta. “Bar shi nan. Sauran ba ka san shi ba, ni ma ban sani ba.” Na yage shafukan uku, ban yi gardama ba. Sai a ranar na gane ashe mu biyu muke jira.

Bai dawo ba. Ita ma ta rasu shekarar da na tafi karatu Maradi. Yanzu ƙauyen ya canja, babura na shiga har lungu, wanda ya tafi cirani yana aiko da muryarsa ta waya, yara suna ji suna dariya. Ni kuma rubutu ya zame mini sana'a, ina gogewa a na'ura ba ko alamar sokewa, masu karanta mini suna cewa ya yi kyau, ba mai tambayata ta ina mota ta biyo. Labarin nan kuwa yana nan yadda muka bar shi. Na sha zama da niyyar in shigo da mutumin cikin gida, sai in rasa abin da zai fara ce mata, wadda za ta gaya mini kuma ba ta nan.