Tarihin Dakta Kamaluddeen Mijinyawa, Mai Binciken Tsirya a Toukra

Buba Rufa'i ya ci amanar mijin ƙanwarsa, ya rushe masa aikin shekaru. An rubuta wannan tarihi domin na baya su san wanda aka zalunta.

Haihuwa da Karatu

An haifi Kamaluddeen a shekarar 1971 a unguwar Klémat, lokacin ana kiran babban birnin ƙasar Fort-Lamy. Mahaifinsa Malam Mijinyawa jikan mahajjatan Katsina ne da suka yada zango a nan, mahaifiyarsa kuwa Hajiya Mero ce. Bayan ya sauke Alƙur'ani ya shiga lakwal, wato makarantar boko, daga bisani ya tafi Sudan, inda ya ƙware a ilmin gadon halittu. Ya dawo gida a 2001.

Aure da Aiki

A 2003 ya auri Hanatu, ƙanwar Buba, wanda ke sayar da tsuntsaye a gefen babbar kasuwa, wato Grand Marché. A 2009 ya fara bincike kan tsirya, korayen akun nan masu doguwar wutsiya da ke sheƙa a kogon itatuwan Toukra, can bayan gari. Yakan ɗebi ɗigon jinin iyaye da na 'ya'ya domin ya gano ko da gaske namiji da tamata ba sa ha'intar juna. A kusan duk sheƙar da ya gwada, ya tarar uba ɗaya ne da uwa ɗaya. Abin da ya rage masa shi ne ya bi jikokinsu, ya ga ko halin yana ɗorewa.

Cin Amana

Ranar Babbar Sallah ta 2017, suna cin nama a tsakar gida, ya ce wa surukinsa: “Yaya Buba, tsuntsun nan ya fi mu alkawari. In matarsa ta yi kuka, ko wuta ce zai faɗa.” Buba ya yi dariya, ya ce: “To Dakta, Allah ya ba mu rabin imaninsa.”

Da lokacin ƙyanƙyasa ya zo, Buba ya shiga Toukra da danƙo. Yakan kama tamata ya ɗaure ƙafarta a reshe, namiji ya sauko wa kukanta ya maƙale a danƙon da ya shafa wa reshen. Haka ya kwashe iyayen, 'ya'yan suka mutu da yunwa a kogo. Ma'aikatan gandun daji sun kama shi da tsuntsayen, ya rantse cewa a gida ya kiwata su. Aka nemi Kamaluddeen ya gwada jininsu. Dangi suka roƙe shi ya rufa asiri, ya ƙi, ya shaida cewa na Toukra ne.

Rasuwa

Tsirya ba ta sake sheƙa a itatuwan ba, binciken kuma bai kammalu ba. Kamaluddeen ya rasu a watan Maris na 2019 bayan jinyar hanta, aka binne shi a maƙabartar Lamadji. Ya bar matarsa Hanatu da 'ya'ya uku: Junaid, Ummukulthum da Sharifa.

Buba bai halarci jana'iza ba. Yana kurkuku, an yanke masa shekara biyu, an kuma rufe rumfarsa.