Allon da Aka Kafa da Sunan Hajja Zaitun

Duk matar da ta haihu a Birik, wato unguwar Briqueterie ta Yawunde, ta san gidan Hajja Zaitun. Yana can ƙasan gangare, bayan layin teloli, inda kwata ke cika ta tumbatsa in an yi ruwa. A zaurensa take zama bisa buzu, kewaye da saiwoyi da sassaƙe da kwalaben jiƙo.

Haifaffiyar Ngaundere ce. A hannun kakarta ta koyi magani: na shawara, na basir, na haƙoran yara, da jiƙon masu jego. Aure ya kawo ta Yawunde a jirgin ƙasa tana yarinya ɗanya. Mijinta Yahya atamfa yake sayarwa, da ya rasu kuma sai maganin ya zama abin da ke riƙe da ita. Ba ta yi boko ba, Faransancinta bai wuce gaisuwa da cinikin tasi ba. Amma an shaide ta da abu ɗaya: in cuta ta fi ƙarfinta, ba ta jan rai, asibiti take tura mutum.

Da girma ya zo, gwiwoyi suka ƙi. Hawan gangaren nan ya zame mata aiki, balle da damina in jar ƙasa ta yi santsi. A hankali ta daina fita titi. Fatake daga arewa suna kawo mata itatuwa har gida, cefane kuma maƙwabciyarta Rahinatu ke yi mata.

Ana haka Gali ya zo. Ɗan ƙaninta ne, magidanci, ya bar mata da 'ya'ya a Ngaundere ya zo neman abinci. Ya yi aikin babur har ranar da aka sace babur ɗin a kasuwar Mokolo. Ya dawo gida yana zaman banza, abin duniya ya ishe shi. Shi ne ya ce mata ai zamani ya canza, mai magani ba allon talla kamar rijiya ce a daji. Ta yarda, don dai ya sami abin yi. Ta ce ya rubuta sunanta da cututtukan da ta sani, kada ya ƙara komai.

Gali ya tafi wurin wani mai buga alluna a unguwar Madagascar. Mutumin ya saurare shi ya yi dariya, ya ce irin wannan allo ko akuya ba za ta tsaya ta kalla ba. Ya buɗe masa kwamfuta, ya nuna masa waɗanda ya yi wa wasu masu magani. Gali ya ji kunya da farko, amma ya tuna 'ya'yansa, ya kuma tuna cewa Goggo ba ta hawa titi. Ya zaɓi ɗaya. Aka kafa shi a bakin lungu, yana kallon hanyar Tsinga.

Ba a daɗe ba baƙin fuskoki suka fara gangarowa. Yawanci maza ne, suna magana ƙasa-ƙasa da Faransanci. Gali ke tare su a ƙofa, ya ɗura musu jiƙon basir a kwalba ya sallame su. Hajja ta yi ta godiya ga Allah da yaron ya kawo albarka.

Sai dai wasu abubuwa sun ɗaure mata kai. Wata rana wani mutum ya shigo da matarsa a rame, ƙafa a kumbure, ya ce ciwon suga ne, sun ma bar allurar asibiti tunda sun ji nan ana warkewa. Hajja ta yi masa faɗa sosai, ta ce ita ba ta taɓa warkar da suga ba, ya maida baiwar Allah wurin likita yau-yau. Mutumin ya fita yana gunaguni, yana cewa to me ya sa aka rubuta. Ta tambayi Gali, ya ce wataƙila gida suka ɓata.

Matan unguwa kuma suka ɗauke ƙafa. Masu jego suka daina aikowa. Rahinatu takan ajiye cefane a bakin zaure ta juya, ba zama ba hira. Aka yi suna a gidan da ke jikin nata, ba wanda ya kawo mata goro. Ta yi ta binciken kanta ko ta saɓa wa wani, ba ta gano komai ba. Su kuwa kowa ya ɗauka da saninta aka yi, kuma wa zai iya buɗe baki ya kwatanta wa dattijuwa abin da ke jikin allon?

A lokacin hukumar gari ta tsananta kan dokar alluna. An hana kafa hoton tsiraici a bakin hanya, an hana tallan ƙarya, musamman na masu cewa suna warkar da abin da ba sa warkarwa. Ma'aikata suna bi titi-titi suna cirewa. Wata safiya suka gangaro lungun, maza biyu ɗauke da allon, gabansu wata ma'aikaciya mai suna Fanta, 'yar Marwa, mai Hausa da harshen Fulani. Da ta ga tsohuwa ce da carbi a hannu, sai ta sa aka jingina allon fuskarsa na kallon bango. Ta gaishe ta, ta tambaya ko ita ce Hajja Zaitun, kuma ko nata ne wannan.

Hajja ta ce nata ne, amma ba ta taɓa ganinsa ba. Ta ce a juyo mata shi.

Aka juyo. Wata mace ce kusan tsirara ta ba da baya, gefenta wani ƙato ba riga. A sama kuma sunanta ne da manyan baƙaƙe, har da Hajjar. Hajja ta daɗe tana kallo. Sannan ta ce a karanta mata rubutun duka, kada a tsallake. Fanta ta karanta tana fassarawa, muryarta na raguwa: suga, hawan jini, ƙanjamau, rashin haihuwa, ƙarfin maza, ƙarin ƙugu da nono, duk cikin 'yan kwanaki.

Hajja ba ta yi kuka ba. Ta ja mayafi ta rufe bakinta, ta tambayi hukuncin. Fanta ta ce akwai tara, kuma sai mai allon ya je ofis da kansa. Gali ya fito daga ɗaki yana cewa shi zai je, ai kowa haka yake yi a garin nan.

"Kowa ba da sunana ya yi ba," in ji ta. "Ni na raini ubanka a hannuna, Gali. Ka rasa inda za ka rataya sunana sai a jikin wannan?"

Ita ta je. Aka riƙe ta har titi, aka sa ta a tasi. Ta biya tarar, ta dangwala hannu cewa ba za a sake ba. Da aka tambaye ta wanda ya kafa, ta ce ɗanta ne, kuma za ta ji da shi a gida.

Yadda ta ji da shi shi ne ta sa ya nemo matar nan mai suga. Ya sha yawo kafin ya same su a unguwar Elig-Edzoa. Matar na raye, ta koma kan allura, amma an yanke mata yatsun ƙafa biyu. Gali ya dawo ya faɗa, ya zauna a dandamali ya kifa kai. Daga ranar bai ƙara kare kansa ba.

Hajja kuwa ta ɗauki sanda ta bi gidajen lungun ɗaya bayan ɗaya, tana hutawa a kowace ƙofa. A gidan Rahinatu ta fi daɗewa. Rahinatu ta yi ta hawaye tana neman gafara, ta ce sun zaci talauci ne ya kai ta.

"Allon bai ƙona ni kamar wannan ba," in ji Hajja. "Na yi muku wankan jego, na tsufa a gabanku, amma aka rasa mai zuwa ta tambaye ni."

Ba ta kori Gali ba. Shi ya tashi da kansa, ya kama aiki wurin masu suya a bakin titi, ya kuma ɗauko iyalinsa. Yana zuwa gaishe ta, takan zuba masa abinci, ba sa tada maganar. Matan unguwa sun dawo, ko da yake ba duka ba. Akwai waɗanda har yau suke cewa ruwa ba ya tsami banza.

Fanta ta taɓa biyowa ba da kayan aiki ba, don gaisuwa kawai. Hajja ta tambaye ta ko an gama da allunan. Fanta ta ce ina, a cire yau, a kafa wani gobe. Hajja ta girgiza kai, ta sa aka dama mata fura, suka zauna hira har aka kira la'asar.