Bappa Zailani, Mai Raɗa wa Bishiyoyi Suna

Da an idar da sallar asuba, Bappa Zailani yakan ɗauki sandarsa ya nufi kurmin da ke gindin dutse, bayan ƙauyenmu a ƙasar Rurum. Shi kaɗai yake tafiya. Tun da matarsa Dije ta rasu babu mai tambayarsa yaushe zai dawo, 'ya'yansa kuwa Kano ta riƙe su. Abokan wuninsa birai ne, su ma daga nesa suke kallonsa.

An daɗe ana tsokanarsa, wai shanu sun ƙare ya koma kiwon birai. Shi dai amsarsa ɗaya ce: "Birin da ya ƙoshi da kanya ba ya sauka gonar masara."

Ba shi da bindiga, ba kuma wanda ya ɗauke shi aiki. Dabararsa ta tsare kurmin ita ce, duk gidan da aka yi haihuwa, ranar suna sai ya je ya ce wa uban jariri, "Na ba ɗanka tsamiyar bakin rafi." Daga ranar, bishiyar ta ci sunan yaron.

Shekarar da masu gawayi suka shigo kurmin da injin yanka, sun fara da wata ƙatuwar kanya. Bappa ya gangaro gari da sassarfa, ya tsaya ƙofar gidan wata maƙwabciyarsa.

"Jumai, fito! Ga wasu can za su sare Sadiƙ ɗinki."

Jumai ta bar tuwo a kan wuta, mata suka rufa mata baya, kowacce ta je ta zauna a gindin ɗanta. Mutanen nan suka kashe inji, ba su sake dawowa ba.

Kai ne garkuwar kurmi, Bappa. Saboda kai masararmu ke kaiwa rumbu, amma ko sannu ba kasafai kake samu ba.

Yanzu gwiwa ta fara cin amanarsa. Kwanakin baya na iske shi zaune ƙarƙashin wata ɗinya yana haki, sai tausayinsa ya kama ni.

"Yaran duk sun girma sun watse," in ji shi. "Ni kaɗai na san wacce ce ta wa. Ran da na kwanta dama, bishiyoyin sun koma itacen wuta ke nan."

Na ce, "To Bappa, wacce ce taka?"

Ya yi murmushi. "Ni wa zai raɗa mini?"

Mun gode, Bappa, Allah ya saka da alheri. Ku kuma da aka haifa a garin nan, ku zo ya nuna wa kowa tasa tun ƙafarsa na kai shi. In za ku zo, ku taho da dashe guda. Akwai sunan da har yau babu shi a kurmin nan.