Ramin Kwalaben Kumandan

Jiya na buɗe tulu na tarar zoɓona ya yi tsami. Warin na bugun hancina sai ga Baba a raina.

Kuku ne a gidan Kumandan, nan Maraɗi. Baturen ya taho da jar giyar inabi daga ƙasarsu, zafinmu kuwa ba ya ƙyale ta. Baba ne ya haƙa wa kwalaben rami, ya rufe su da yashin Gulbi, kullum yana yayyafa ruwa. Duk shekara a ciro ɗaya, kuma shi ake sawa ya fara ɗanɗanawa, ko ta lalace. Mutumin da ko jam'i bai cika kuɓuce masa ba! Sau biyu yana gudu Tibiri, sau biyu ana komo da shi.

Wata la'asar na iske shi bayan ɗaki da buta, yana ta kurkure baki, leɓensa ja. Na ce, "Baba, yaya take?"

Ya ce, "Shekarar farko ɗaure harshe take kamar ɗanyen magarya. Bana ta yi laushi, har da ƙanshin dabino." Ya zuba wa butar ido. "Abin da ke ba ni tsoro ke nan, ɗiyata. Ban haɗiye ba, amma bakina ya san ta. Saura kwalba tara."

Huɗu ya bari a ramin ya rasu.

Allah ka san bai haɗiye ba. Ka wanke masa bakin nan da ruwan Alkausara.