Taswirar Inuwa

Yayata ta yi shekara talatin da ɗaya tana zanen taswira a ofishin tsara gari, kuma ban taɓa ganin ta yi sauri ba. Ni kuwa Allah bai ba ni haƙuri ba. In muka fita tare sai na kai ƙarshen layi, in waiwayo in hango ta tsaye tana kallon wata tsohuwar taga kamar ta ga wanda ta sani a ciki.

Teburinta mai gangara ne, fensira a jere, ga rula, ga ɗan buroshin share ɓurɓushin magogi. Tana da wata ɗabi'a: ba ta zana wuri sai ta je ta zauna a cikinsa, da hantsi, da azahar, da la'asar, ta ga inda inuwa take sauka da wanda yake fakewa a ciki. Shi ya sa a ofis suke kiranta Mai Inuwa, rabi tsokana rabi girmamawa.

A shekararta ta ƙarshe a aiki aka yanke shawarar rushe tsohon gidan waya don a faɗaɗa tashar mota. Gini ne mai doguwar baranda da ginshiƙai tara, fentinsa ya koɗe, akwatunan wasiƙa sun yi tsatsa. An daɗe da rufe shi, amma barandar ba ta rabo da mutane. Mai gyaran agogo yana gindin ginshiƙi na uku, masu jinya daga asibitin tsallake suna zuwa su miƙe ƙafa, wasu barci ya sace su a zaune. Nan mahaifinmu yake ajiye mu muna yara in ya shiga aika wasiƙa. Yaya ta ce har yanzu in ta jingina da bangon tana jin bugun hatimi daga ciki. Na ce mata yunwa ce.

Mako uku ta yi tana zuwa wurin. Ta zana taswirar da ba wanda ya sa ta: babu bango, babu titi, inuwa kawai cikin launin toka, tana jan jiki awa bayan awa, da ɗigo ɗaya a madadin duk wanda ya zauna. Ɗigo ɗari biyu da sha huɗu a yini guda. Ta shimfiɗa ta gaban kwamitin tsara gari. Da suka gama dubawa, suka matsar da tashar baya, suka sa gidan wayar cikin jerin gine-ginen tarihi. Ranar har ni na rungume ta.

Sai murna ta koma ciki. Ashe ƙa'idar jerin ta ce duk ginin da ya shiga sai an kewaye shi da shingen ƙarfe, a sa ƙofa da kwaɗo, kada hannu ya ɓata shi. An ceci ginin, za a kori mutanen. Kuma a teburinta aka ajiye aikin zanen shingen.

Ta zo gidana ta zauna, ko jaka ba ta sauke ba.

"Ƙanwata, garin neman gira na rasa ido."

"To ki ƙi zanawa mana, Yaya!"

"In na ƙi wani zai zana, shi kuwa bai taɓa zama a wurin ba."

Ta zana. Aka sa hannu ba a duba sosai ba, masu walda suka bi takarda sau da ƙafa. Shinge ya zagayo tsaf, sai dai tsakanin ginshiƙi na uku da na huɗu an bar giɓi, daidai faɗin mutum ɗauke da kwando. Shugaban sashensu ya kira ta, ya ɗora yatsa a kan takardar.

"Malama, nan layinki ya yanke."

"Fensirin ne ya karye, ranka ya daɗe. Ga tsufa."

Ya dube ta, ya dubi takardar. "Gyaran wannan sai kwamiti ya sake zama."

"Haka ne."

"Kwamitin kuwa ayyuka sun yi masa yawa." Ya mayar da takardar cikin fayil, ya rufe.

Jiya na bi ta wurin da la'asar. Na ga wata mata ta fito daga asibiti ido jajur, ta ratsa ta giɓin ba tare da ta san an taɓa shirin hana ta ba, ta zauna ta jingina kanta da ginshiƙi ta lumshe ido. Ni da kuka ba ya zuwa mini da sauƙi, sai da na share hawaye. Babbar ƙofar tana nan da kwaɗonta, har yau ba wanda ya nemi mabuɗin.